Takardar da ta fita daga gafaka



Kwanakin nan samarinmu sun ɗauko wani wasa a salula: kowa ya miƙa hannu ga littafin addinin da ya fi kusa da shi, ya buɗe inda ya faɗa, ya kwafo layi biyu ya aika wa abokai, su ma su yi haka. Ban ga mugun nufi a ciki ba, har ma na ji daɗi da aka kakkaɓe wa wasu littattafai ƙura. Amma ina so ku san yadda waɗannan littattafai suka iso hannunku.

Mafi yawanku abin da hannu zai fara taɓawa shi ne Ahalari, ko Ishmawi, ko Iziyya, ko Risala. Mai Risala, Ibnu Abi Zaid, mutumin Ƙairawan ne ta ƙasar Tunusiya, ya rasu a 386 bayan hijira, wato 996. Mai Ahalari, Abdurrahman al-Akhdari, ɗan Aljeriya ne na ƙarni na 16. Muhtasar kuwa Shehu Halilu ya wallafa shi a Masar a ƙarni na 14. Duk a bayan raƙumi suka ƙetaro sahara, ta hanyoyin da Shehu Magili ya bi a ƙarshen ƙarni na 15, ya ratsa Abzin ya sauka Kano zamanin Muhammadu Rumfa. Ita kanta takardar rubutun ta Tarabulus ake kawo ta, ta biyo Agadas da Damagaram, da tsada ƙwarai.

Kakanninmu ba su ɗinke littafi. Warƙa-warƙa ake barinsa, a naɗe da fata, a sa cikin gafaka. Akwai amfani a haka, domin almajirai da yawa kan raba littafi ɗaya, kowa ya riƙe warƙar darasinsa ya kwafa. Akwai kuma haɗari: iska ta taso, ko yaro ya yi tuntuɓe, warƙoƙi su cakuɗe. Sai marubuta suka riƙi wata dabara, a ƙasan bayan kowace warƙa su rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye. Wanda ya je Yamai ya duba tsofaffin rubuce-rubucen da marigayi Boubou Hama ya fara tarawa, waɗanda ke ajiye a cibiyar bincike ta Jami'ar Abdou Moumouni, zai ga wannan ƴar kalma a kusurwa. Mutanen da suka raba littafi da hannunsu ba su yarda warƙa ta yi yawo ba tare da alamar ƴar'uwarta ba.

Kuma ba a karanta warƙar sai gaban malami. Almajiri ya ja baƙi, malam ya fassara, ya tsayar da shi inda hukunci yake da sharaɗi ko togaciya. Muhtasar ma, saboda dunƙulewar lafazinsa, babu mai shigarsa ba da sharhi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, cikin ƙasarmu ta yau, sai da ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, alhali a gidan malamai ya tashi, littattafai na kusa da hannunsa.

Abin da ya sa na kawo wannan tarihi ya faru ne a masallacinmu. Na'ibina ya yi rafkanwa a la'asar, ya bar zaman tahiyar farko, ya kuma ƙara raka'a, sai ya yi sujada ƙabli. Bayan sallama wani saurayi, yaron kirki ne wallahi, ya ɗaga salula ya ce an aiko masa daga Ahalari cewa ƙari ba'adi ake yi masa. Hayaniya ta tashi, har wasu dattawa suka miƙe za su sake salla. Aka kira ni, na sa aka ɗauko littafin. Abin da aka aiko masa yana nan, ba a yi masa ƙarya ba. Sai dai layin da ke biye, wanda mai aikowa bai kwafa ba, shi ne ya yi bayanin wanda ya haɗa ragi da ƙari, kuma hukuncinsa ƙabli ne. Yaron ya karanta da bakinsa a gaban jama'a, ya je ya ba na'ibi haƙuri.

Wanda ya aiko mini layi biyu daga yau, zan tambaye shi sunan littafin, da babin, da abin da ke gabansa da bayansa, kafin in amsa. Ranar Asabar bayan la'asar, in Allah ya yarda, za mu buɗe babin rafkanwa daga farkonsa. Kowa ya zo da nasa Ahalarin. Wassalamu alaikum.