Istambulawa: bin salsalar gidan sarautar Abzin

Wanda ya bi hanyar uraniyom daga Agadas zuwa Arlit, sai ya ratsa ƙasar Dannet, ƙaramar hukumar karkara da aka kafa a shekara ta 2002, wadda yawancin mutanenta Abzinawa ne makiyaya. Arlit kuwa gari ne da haƙar ma'adini ta haifa a 1969. Tsakanin wuraren nan biyu ana lissafin dangi ta hanya biyu. A ofis, sunan da yaro zai shiga lakwal da shi nasa ne haɗe da na ubansa. A zangon makiyaya kuwa, a cikin wasu ƙabilun Abzin, ta ɗakin uwa ake sanin ƙabilar mutum, har Tamajak tana da kalma ta musamman, tegaze, don ƴaƴan ƴar'uwar mutum, waɗanda a da su ne magadan sarauta. A cikin wannan ɗan bincike za mu bi gida guda, wato gidan Sarkin Abzin na Agadas, domin shi ne gidan da ya fi kowane rubutacciyar salsala a yankin, kuma a cikinsa ake ganin hanyoyin biyu suna karo.

Madogararmu ta farko ita ce takardun Larabci na fadar Agadas, waɗanda Yves Urvoy ya fassara da Faransanci a 1934 da sunan Chroniques d'Agadès. Ta biyu ita ce littafin Djibo Hamani a kan sarautar Ayar, wanda ya fito a 1989 cikin jerin Études nigériennes. Bisa ga takardun, sarki na farko shi ne Yunus, wanda aka naɗa wajen 1405. Ƙabilun Abzin ne, Itesan na gaba, suka je suka ɗauko shi, domin rigimar da ke tsakaninsu ta sa suna bukatar mai raba gardama wanda ba na kowa ba ne. An fara zaunar da shi a Tadaliza. Sai zamanin Ilisawan (1430-1449) fada ta tabbata a Agadas.

Daga ina aka ɗauko Yunus? Labarin baka ya ce daga Istambul: wai wakilai sun je wurin Sarkin Musulmi na can, ya ba su ɗansa na ƙwarƙwara. Daga nan ne aka samu sunan Istambulawa da ake kiran ƴan gidan da shi. Labarin yana da daɗin ji, amma lissafin shekaru bai yarda da shi ba. A 1405 birnin yana hannun Rumawa Kirista, sai a 1453 Turkawa suka ci shi. Rubutattun takardun kuwa ba su ambaci Istambul ba, wani wuri suka ambata mai suna Aghram Sattafan, wanda ma'anarsa da Tamajak ita ce “baƙin gari”. A ganinmu labarin Istambul ya zo ne daga baya, lokacin da daular Usmaniyya ta iso Tarabulus a ƙarni na 16, sunanta ya zama abin ado ga kowace sarauta ta Musulmi. Mai nazarin harshe ba zai rasa lura da wani abu ba: kalmar Istambulawa ƙirar Hausa ce, sunan wuri da ɗafa-ƙeya -awa, kamar Katsinawa da Gobirawa. Wato a bakin Hausa sunan ya samu siffar da muka san shi da ita. Ba mu ce labarin ba shi da amfani ba. Yana faɗin abu biyu da ƙabilun suke so a riƙe: sarki baƙo ne, kuma uwarsa ba ƴar wata ƙabila mai ƙarfi ba ce, saboda haka babu dangin uwa da za su ce nasu ne.

A nan ne maganar uwa take da nauyi. Wanda ya gaji Yunus ɗan ƴar'uwarsa ne, kuma a farkon jerin ana yawan danganta sarakuna da uwayensu mata. Muna da shaida daga waje wadda ta ƙarfafa wannan. Wajen ƙarshen ƙarni na 15, malamin Masar Jalaluddin as-Suyuɗi (ya rasu a 1505) ya aiko da wasiƙa zuwa ga sarakunan Takrur. Ya ambaci Ibrahim na Katsina, ya ambaci Muhammadu ɗan Sattafan na Agadas da ƴan'uwansa, sa'an nan ya ƙara da ɗan ƴar'uwarsu, Muhammadu ɗan Abdurrahman. Malami a Alƙahira ba zai sa ɗan ƴar'uwa cikin wasiƙar sarakuna ba, sai in an gaya masa cewa shi ne mai jiran gado. Haka kuwa aka yi, shi ya hau bayan kawunsa.

Da aka kai ƙarni na 17, tsarin ya juye. Muhammadu al-Mubarak ya yi mulki daga 1654 zuwa 1687, ɗansa na cikinsa Agabba ya gaje shi. Tsakanin wasiƙar Suyuɗi da wannan lokaci an yi yaƙe-yaƙen gado masu yawa, Askiya Muhammadu na Songai ya kawo wa Agadas hari sau biyu a farkon ƙarni na 16, malaman fiƙihu kuma sun yi ƙarfi a birnin. Wanda ya ɗauki jerin sarakunan ya zana shi kamar itace mai saiwa guda, uba ya haifi ɗa tun daga Yunus, ya ɗora wa ƙarni na 15 dokar ƙarni na 17 ke nan. Wannan kuskure muna yawan ganinsa a kundayen ɗalibai.

Agabba ne ya fitar da reshe na biyu. Tun ubansa yana da rai ya jagoranci yaƙin da ya ƙwace Adar daga hannun Kabi a 1674. A 1721 ɗan'uwansa Muhammadu al-Amin ya tuɓe shi, sai ya koma Adar ya kafa sarauta a can. Sarakunan Adar na Illela, a jihar Tawa, daga gare shi suke. Ga gida guda ke nan, reshe ɗaya ana kiransa Sarkin Abzin, ɗaya kuma ya zama sarautar Hausa a tsakiyar Adarawa. Hamani ya bi wannan reshe a littafinsa na 1975 a kan Adar. Ko a Agadas ɗin, harshen fada ya yi ta sauyawa. Da Heinrich Barth ya zo a watan Oktoba na 1850, zamanin Abdulƙadir, ya tarar ana jin wani karin harshen Songai a garin, har ya rubuta kalmominsa, amma ya ji sarauta irin ta Sarkin Turawa da sunanta na Hausa. (Turawa a nan fataken Larabawa ake nufi.) Yau Hausa ce harshen birnin.

A ƙarni na 18 da na 19 ƙabilun da ke naɗa sarki su ne ke tuɓe shi, wani ya hau sau biyu ko fiye. Zuwan Faransawa ya yanke wannan. Sun kafa bariki a Agadas a 1906, suka tuɓe Ibrahim ad-Dasuƙi, Tagama ya hau a 1908. Tagama ya haɗa kai da Kawsan, mutumin Ikazkazan, suka kewaye barikin daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Bayan an karya su, an kashe Kawsan a Fezzan a 1919, an kashe Tagama a kurkuku a Agadas a 1920. Daga nan sarauta ta tsaya a ɗaki guda: Umaru ya yi kimanin shekara 40, ɗansa Ibrahim ya yi 52, daga 1960 zuwa 2012. Sarki biyu cikin shekara 90 da ƴan kai, a gidan da a da ake sauya sarki cikin ƴan shekaru. Ikon tuɓewa ne ya fita daga hannun ƙabilu ya koma hannun kwamanda, daga baya hannun gwamnati.

Abin da ya sa muka dage a kan wannan, dokar sarakunan gargajiya ta 1993 da wadda ta maye gurbinta a 2015 sun bar wa al'ada ta faɗi wanda ya cancanci neman sarauta. In an yi gardamar gadon wata ƙungiyar makiyaya a Dannet ko wani wuri a gundumar Arlit, kowane ɓangare da tasa takardar salsala yake zuwa, kuma abin tambaya na farko shi ne ta wane ɗaki aka lissafa ta, kuma a wane zamani. Takardar da aka rubuta a ofis takan jera maza zalla. Sunan wanda ya gaji sarautar Agadas bayan rasuwar ubansa a 2012 ma haka yake a rubuce, Umaru Ibrahim Umaru: shi, da ubansa, da kakansa.