Ina Asalin Tufafin Bishop-Bishop na Katolika?

A wuraren taron ikilisiyoyi, ko jana'izar wani babba, mukan ga bishop na Katolika da doguwar hula mai tsini biyu, da sanda mai lanƙwasa, da riguna bisa riguna. Waɗansu cikinmu sukan yi dariya, waɗansu kuma su ce ai kayan tsafi ne. Rashin sani ya fi dare duhu. Bari mu tambayi tarihi.

Mutane da yawa suna tsammani an kwaikwayi tufafin Haruna ne da aka bayyana a Fitowa sura 28. Malaman ƙarni na 9 ma sun yi irin wannan fassara. Amma tarihi ya nuna wani abu dabam. A ƙarnukan farko, shugabannin ikilisiya suna yin sujada da irin tufafin da kowane mutumin kirki yake sawa a daular Roma, sai dai masu tsabta. Har ma a shekara ta 428 Paparoma Selestin na Ɗaya ya rubuta wa bishop-bishop na ƙasar Gal, wato Faransa ta yau, yana tsauta musu don sun fara sa tufafi na musamman. Ya tuna musu cewa koyarwa da hali su ne ya kamata su bambanta mai hidima da jama'a, ba riga ba.

To, me ya faru? Sa'ad da kabilun arewacin Turai suka mamaye daular Roma ta yamma, sun zo da gajerun riguna da wanduna. Wajen ƙarni na 6 jama'a suka koma wa sabon yayi, masu hidima kuwa suka riƙe tsohon. Da haka kayan kasuwa suka zama kayan bagade.

Farar doguwar rigar nan da ake kira alba, taguwar ciki ce ta Romawa, sunanta kuma "fara" yake nufi. Wadda ake ɗorawa a kanta lokacin Jibin Ubangiji, kasula, ma'anarta "ƙaramin ɗaki", gama mayafin matafiya ne mai rami a tsakiya, yana rufe mutum daga ruwa da sanyi. Irinta ce alkyabbar da Manzo Bulus ya bari a Taruwasa, ya roƙi Timoti ya kawo masa kurkuku (2 Timoti 4:13). Ku duba fa, rigar da ake yi wa ado da zaren zinariya, asalinta bargon ɗan kurkuku ce! Rigar dikon kuma, dalmatika, ta samo sunanta daga yankin Dalmatiya, a ƙasar Kuroshiya ta yanzu. Akwai wani ƙyalle da firist yakan rataya a hannun hagu, wanda asalinsa hankicin share gumi ne. Tun 1967 aka daina tilasta shi.

Doguwar hular, mitra, ta zo a makare. A shekara ta 1049 Paparoma Liyo na Tara ya ba babban bishop na Tiriya a Jamus izinin sa ta, daga nan ta bazu. Daga baya aka fassara tsininta biyu da Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. 'Yar ƙaramar hular da take manne a tsakiyar kai kuwa, sanyi ne ya haife ta. Dā akan aske wa masu hidima tsakiyar kai, majami'un Turai kuma na dutse ne masu sanyi. An soke askin a 1972, hular ta zauna: fara ta Paparoma, ja ta kadinal, mai ruwan shunayya ta bishop.

Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne faliyum, siririn ƙyallen farin ulu mai baƙaƙen gicciye 6, wanda Paparoma da manyan bishop-bishop suke ratayawa a wuya. Bisa al'ada akan sa wa 'yan raguna albarka a Roma ran 21 ga Janairu, a saƙa shi da gashinsu, a keɓe shi ran 29 ga Yuni, ranar tunawa da Bitrus da Bulus. Yana tuna wa mai shi da makiyayin da ya saɓo ɓatacciyar tunkiya a kafaɗa. Sandar ma ta makiyayi ce.

Amma inda girma ya shiga, girmankai yakan leƙo. A 1245 aka ba kadinal-kadinal jar malfa mai faɗi, wadda daga baya ta kai tuntaye 15 a kowane gefe. Aka yi alkyabba mai jan ƙasa, har sai an sa yaro ya riƙe bakinta. Paparoma kuma yana da kambi mai hawa uku kamar na sarkin sarakuna. Su Katolika da kansu suka ga abin ya yi yawa. Paparoma Fiyus na Goma Sha Biyu ya rage tsawon alkyabbar a 1952. A watan Nuwamba 1964 Paparoma Bulus na Shida ya ajiye kambinsa a kan bagaden majami'ar Bitrus saboda matalauta, ba kuwa wanda ya sāke sa kambi a bayansa. A 1969 aka daina ba da jar malfar. Ko dā ma, akan rataye ta bisa kabarin mai ita har ta ruɓe ta zube, domin masu wucewa su ga ƙarshen darajar duniya.

Kada mu da ba Katolika ba mu ce ba ruwanmu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A 1524 Martin Luta ya tuɓe rigar zuhudu, ya shiga wa'azi da baƙar rigar malaman jami'a ta zamaninsa. Ita ce kakar rigar wa'azi da ta yaɗu cikin ikilisiyoyin Furotesta. Ashe mu ma tsohon yayin Turai muka gāda. Fasto mai kwat da farar kwala, ko mai babbar riga 'yar dubu-dubu, yana iya faɗawa cikin jarabar da ta kama mai malfa.

Ya ƙaunatattu, kada mu ƙara yi wa ɗan'uwa ba'a saboda rigarsa, musamman a inda muke shan tsanani tare saboda suna ɗaya. Mu tuna da Yahaya sura 13. A daren da aka bashe shi, Ubangiji ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya wanke ƙafafun almajiransa. Wannan ita ce rigar hidimar da ya zaɓa da kansa, ita kuma ya bar wa bishop da fasto da dattijo da uwar zumunta.

Ya Uba, ka suturta bayinka da tawali'u, domin Yesu Almasihu. Amin.