Mummunan Borin Jini Daga Ƙarin Ruwa a Lokacin Tiyata

Mummunan borin jini, wanda likitoci ke kira anafilaksis, shi ne garkuwar jiki ta ɗauki wani abu da ya shiga jini a matsayin abokin gaba, ta yi masa martani mai tsanani cikin 'yan mintoci. Masana biyu 'yan Faransa, Charles Richet da Paul Portier, su suka raɗa masa suna a 1902. Wani babban bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2018 ya nuna yana aukuwa kusan sau 1 cikin tiyata 10,000. Mafi yawa magungunan kashe ƙwayoyin cuta da na sassauta tsoka ne sanadi, amma ruwan da ake ƙara wa majiyyaci ma yakan jawo shi.

Ruwan iri biyu ne. Na farko ruwan gishiri ne da dangoginsa, kuma da wuya ƙwarai jiki ya ƙi shi. Na biyu mai kauri ne, wanda ake sa wa wanda ya zubar da jini domin ya daɗe cikin jijiya. Ana yin sa da jelatin daga ƙashin shanu, ko sitacin masara da dankali, ko dekstiran daga sukari. A cikinsu, jelatin ya fi yawan tayar da bori. Haɗarin ya fi ga wanda jikinsa ke ƙin jan nama, lalurar da cizon kaska ke haddasawa.

Wanda aka yi wa allurar barci ba zai iya cewa yana jin ƙaiƙayi ko jiri ba, kuma an lulluɓe shi. Likita yakan gane ne idan bugun jini ya faɗi farat ɗaya, ko hanyar numfashi ta tsuke. Wani lokaci fata ba ta nuna komai. Nan take sai a cire ruwan, a yi allurar adirenalin, a ba da iskar oksijin, a ƙara ruwan gishiri. Bayan makonni 4 zuwa 6 ana gwajin fata don a tantance sanadi.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin a shiga ɗakin tiyata, majiyyaci ko mai jinyarsa ya gaya wa likita duk magani, allura ko abincin da ya taɓa kumbura shi ko ya toshe masa numfashi. Wanda abin ya taɓa samu ya nemi a rubuta masa sunan ruwan a takarda, ya riƙa nuna ta a kowane asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.