Dutsen Kamaru

Dutsen Kamaru, wanda Bakweri mazauna gindinsa suke kira Mongo ma Ndemi, dutse ne mai aman wuta da yake tsaye a gaɓar Tekun Atlantika bisa garin Buea, tsayinsa kuwa ya haura mita 4,000. Masana ilmin ƙasa sun tabbatar cewa yana cikin silsilar duwatsun wuta wadda ta faro daga tsibiran teku, ta ratsa Kamaru, har reshenta ya kai tudun Biu a Jihar Borno. Amma Dutsen Zuma na hanyar Abuja, duk da kwarjininsa, ba ya cikin wannan nasaba, domin shi a ƙarƙashin ƙasa ya daskare.

A shekarar 1909, sa'ad da Dutsen Kamaru ya yi girgiza ya fitar da wuta, sai hukumar mulkin mallaka ta Jamusawa, wadda ta zaɓi Buea ya zama mazauninta saboda ni'imar sanyinta, ta yi ƙaura zuwa Duwala na ɗan lokaci. A 1922 narkakken dutsensa ya malala har teku, a 1999 kuma ya datse hanyar gaɓa yamma da Limbe, sannan dutsen ya sake aman wuta a 2000.