Tsatsa a Matsayin Rini: Tarihin Zanen Yadin Lilin na Adon Ɗaki a Ingila

A wannan maƙala za a dubi yadda tsatsa, wadda aka fi sani da ɓarna, ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan sana'ar buga zane a kan yadin lilin a Ingila cikin ƙarni na 18.

Sana'ar ta bunƙasa ne saboda yadin auduga mai zane da ake kawowa daga Indiya. Maƙala irin wannan ba ta da filin bayyana dukkan dabarun marinan Indiya, amma a 1742 wani limamin Kirista Bafaranshe, Coeurdoux, ya rubuto daga Pondicherry yana bayanin yadda suke jiƙa guntayen ƙarfe a ruwa mai tsami don samun baƙi. Wannan hikima ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin dukawa ma daga ƙarfe suke haɗa kuloko.

Da yadin Indiya ya cika kasuwa, sai masaƙan ulu da na siliki suka koka. A 1721 majalisar Ingila ta haramta amfani da yadin auduga mai bugaggen zane, ko a sutura ko a kayan ɗaki. Dokar ba ta shafi lilin ba, saboda haka masu buga zane suka koma kansa. A 1736 aka halatta yadin da aka saƙa da zaren lilin haɗe da na auduga, kuma ba a janye haramcin ba sai 1774. Cikin wannan tsakani ne, a 1752, Francis Nixon ya fara buga zane da farantin jan ƙarfe a Drumcondra, kusa da Dublin.

Aikin ƙarfen iri biyu ne. Na farko, akan buga ruwansa a kan yadi, a tsoma a ruwan farar ƙasa, sannan a shanya. Iska na bugunsa sai tsatsa ta kama zaren, ta bar launin ƙasa-ƙasa wanda rana ba ta koɗar da shi. Na biyu, akan yi amfani da shi don kama rini. Idan aka dafa yadin da saiwar mada, wani tsiro mai jan rini, inda aka buga ruwan ƙarfe mai kauri sai ya fito baƙi, mai tsinki kuwa ya ba da shunayya. Da irin wannan yadi ake ɗinka labulen gado da na taga da rigunan kujeru.

Sai dai ƙarfen da ya ba da launi shi ne kuma ke cin zaren a hankali. Shi ya sa a wasu tsofaffin labulen da ke gidajen adana kayan tarihi za a tarar layukan baƙi sun zama huji, alhali sauran yadin na nan lafiya lau.