Ɗaukaka Ƙarar Kisan Kai a Kotunan Kartum da Omdurman

A Ingila da Amurka, inda ake da juri, wato mutanen gari da ake rantsarwa su saurari shaidu su faɗi ko laifi ya tabbata, wanda aka samu da kisan kai yakan ɗaukaka ƙara yana cewa alƙali bai fayyace musu doka daidai ba. Sudan ba ta gaji wannan tsari ba, ko da yake Turawan Ingila ne suka shimfiɗa mata kotunan zamani bayan yaƙin Karari na 1898. Dokokin laifuffuka na 1899, waɗanda aka ciro daga na Indiya, aka kuma sake tsara su a 1925, sun ɗora shari'ar kisa a wuyan babbar kotu mai majistare uku, kuma ba a zartar da hukuncin kisa sai an aika da takardun shari'ar Kartum an tabbatar da shi.

Wannan tabbatarwa ita ce ƙashin bayan tsarin, domin a nan ne ake sake auna tambayar da rai ya rataya a kanta: shin kisan na ganganci ne, ko kuwa an tunzura wanda ake tuhuma tunzuri mai tsanani ba zato, ko faɗa ne ya ɓarke nan take, wanda hakan ke sauko da laifin zuwa matakin da ba ya jawo rataya? Da yake alƙalan suna rubuta hujjojinsu, kuskurensu yana bayyane a takarda, alhali juri ba ya faɗin dalilinsa, kuma wannan ba ƙaramar kariya ba ce ga talakan da ba shi da lauya. Muhammad Ahmad Abu Rannat, ɗan Sudan na farko da ya zama Alƙalin Alƙalai a 1955, ya yi suna a wannan aiki na tabbatar da hukunci, kuma shi ne ya shugabanci kwamitin masana da gwamnatin Sardauna ta gayyata Kaduna a 1958, wanda shawararsa ta haifar da Final Kod, wato dokar laifuffuka ta Arewacin Najeriya, bisa samfurin Sudan.

Dokokin Satumba na 1983, zamanin Shugaba Numairi, da dokar laifuffuka ta 1991 sun shigo da ƙisasi da diyya, sun ba magadan wanda aka kashe ikon yafewa, sun kuma bambanta kisan ganganci da mai kama da ganganci, amma tsohuwar tambayar ba ta gushe ba. A Mayun 2018 wata kotu a Omdurman ta yanke hukuncin kisa ga matashiya 'yar shekara 19 da aka yi wa auren dole, wadda ta soki mijinta bayan ya yi mata fyaɗe, danginsa kuma suka ƙi diyya. A watan Yuni kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin ganganci, ta mayar da shi ɗaurin shekara biyar da diyyar fam 337,500 na Sudan.