Ƙanƙancewar Allo a Manhajar Baƙo: Musabbabi da Gyara a VirtualBox

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ya sa Linux da aka girka cikin kwamfutar kwaikwayo ta VirtualBox kan maƙale a girman allo na 800×600 ko 1024×768, alhali allon mai masauki, wato ainihin kwamfutar, ya fi haka faɗi. Matsayinta shi ne, memorin bidiyo da ake yawan ɗora wa laifi ba kasafai yake zama musabbabi ba. Cikas ɗin yana ga direba da hanyar isar da saƙo tsakanin mai masauki da baƙo, wato Linux ɗin da ke ciki.

Tushen matsalar

Allo na zahiri yana sanar da kwamfuta girman da zai iya ɗauka ta bayanan EDID, ƙa'idar da ƙungiyar VESA ta tsara. Baƙo kuwa taga kawai aka ba shi, kuma girmanta yana canzawa duk lokacin da aka ja gefenta. Idan babu direban da zai karɓi labarin canjin, sai baƙo ya koma ga tsofaffin ma'aunan VESA, waɗanda kusan kowane katin hoto ya sani.

Lissafi ya isa ya wanke memori daga zargi. Allo mai fiksel 1920×1080, kowane fiksel da bayit 4, yana cin bayit 8,294,400, wato kimanin megabayit 8. Ko 3840×2160 bai wuce megabayit 32 ba. Saboda haka wanda ya kai memorin megabayit 128 ya ga allo bai motsa ba, ya yi magani ne inda ba ciwo.

Gyara

Abin fara dubawa shi ne nau'in katin hoto na kwaikwayo. Tun fitowar VirtualBox 6.0 a Disambar 2018, VMSVGA ne aka tanadar wa baƙin Linux, VBoxSVGA kuma na Windows 7 zuwa sama. VMSVGA kwaikwayon katin VMware ne, don haka direban vmwgfx da ke cikin kanel ɗin Linux shi ke tuƙa shi. Injin da aka ƙirƙira da tsohon siga yakan zo da VBoxVGA, kuma sai an kashe injin kafin a sauya.

Sai kunshin Guest Additions, inda aka fi yin tuntuɓe. Girka shi daga faifan da VirtualBox ke bayarwa yana buƙatar gcc da make da fayilolin kanun kanel da suka dace da wanda ke aiki. Idan ɗaya ya ɓace, gargaɗin yakan shige cikin dogon rubutu, mutum ya ɗauka an gama. Haka nan Secure Boot yana ƙin loda duk wani sashen kanel marar sa hannu. A ganinmu, karanta saƙon girkawar da kyau kafin sake kunna injin ya fi duk wata dabara amfani. Bayan haka a tabbatar VBoxClient na cikin kunshin yana aiki, kuma an kunna zaɓin daidaita allo kai tsaye a jerin View.

Ƙara girma da hannu ta cvt da xrandr yana aiki a X11, amma yana gushewa da zarar an fita, sai an adana shi a fayil. A Wayland kuma xrandr ba ya iya ƙara sabon girma, don haka can gara a gyara direban.